Ra'ayinmu: A kawo majigi Tasawa da Mayahi, amma a bar talaka ya yi magana

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye ranar da motar majigi ta sauka, ya san abin da muke nufi. Tun la'asar yara sun kewaye motar, kafin sallar isha'i an kafa farin ƙyalle a dandali, mata sun shimfiɗa tabarmi a gefe guda, dattawa sun zauna a gaba. Fim yana ƙarewa sai gari ya ɗau surutu, kowa na faɗin abin da ya gani da wanda yake ganin an zalunta. Wannan surutun shi ne abin da muke so hukuma da masu shirya bukukuwan silima su ɗauka da muhimmanci, musamman a gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi.

Nijar ba baƙuwa ba ce a fagen silima mai faɗin gaskiya. Lokacin da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa ta Dokin Yennenga a 1972, ɗan ƙasarmu Umaru Ganda ne ya ɗauko ta da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, labarin wani alhaji da ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani alkawarinta, auren ya ƙare da bala'i. Na baya ma ba su yi barci ba. Sani Magori ya fito da Kukan Kurciya a 2010 a kan mazan da suka tafi biɗa bakin teku suka manta gida. Aisha Macky ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 a kan matan da ake wulaƙantawa don ba su haihu ba, sannan a 2021 ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta nuna rayuwar samarin da al'umma ta juya wa baya.

Abin tambaya shi ne, su wa suka kalli waɗannan finafinai? Galibi mutanen Turai ne da ƴan boko na Yamai. Matar Kanan Bakashe da mijinta ya shekara biyar a Abijan ba ta ga Kukan Kurciya ba, alhali kuwa labarinta ne. Gidajen silima na manyan garuruwa sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar mutane da finafinan Kano da na Indiya a wayar hannu, kowa ya kalli nasa shi kaɗai. Ba mu raina nishaɗi ba. Amma kallon mutum ɗaya a ɗaki ba ya haifar da shawarar gari.

Akwai misalai da za a duba. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, wadda aka kafa a 2001 kuma ta fara aiki a Nijar a 2003, ta nuna cewa mota ɗaya da injin wuta da farin ƙyalle sun isa a tara gari guda, a nuna fim, a miƙa wa jama'a makirfo. A Burkina Faso kuwa, bayan da aka yi ta hana nuna fim ɗin Borry Bana, wanda ya bi diddigin kisan ɗan jarida Norbert Zongo na 1998, masu shirya shi sun buɗe bikin Ciné Droit Libre a 2005, inda kowane fim ke tafe da muhawara. Mu ma Inusa Usaini ya kafa mana namu dandalin finafinan gaskiya a Yamai a 2006. Sai dai Yamai ba ita ce Nijar ba.

Me ya sa Tasawa da Mayahi? Da farko akwai tarihi. A wannan yanki ne ayarin Voulet da Chanoine ya ƙare tafiyarsa ta jini a watan Yuli na 1899, bayan ya ƙone garuruwa tun daga yamma, kuma har yau kaburburan turawan biyu suna Maijirgi. An yi fim a kan wannan ayari: Sarraounia na Med Hondo, wanda ya ci kyautar FESPACO a 1987, da African Apocalypse na 2020. Jikokin waɗanda aka yi wa ɓarnar sun fi kowa cancantar su kalla, su kuma faɗi abin da kakanninsu suka ba su labari, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyu, akwai matsalolin yau. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa a jihar Maraɗi kusan mata 9 cikin 10 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma dokar 2017 da ta ce a kare karatun yarinya har shekara 16 ba ta isa kunnen iyaye da yawa ba. Gonaki sun ƙanƙance saboda yawan magada, kuma mace ce ake fara hana wa rabo. Manoma na cin burtali, makiyaya na shiga gona, ga kaba da goribar Gulbin Kaba da kowa ke son rabonsa. Jihar da ta ga abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100 a rikicin manoma da makiyaya, ba ta bukatar a tuna mata tsadar shiru. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, amma manomi nawa ne ya san ƙofar da zai buga?

Don haka muna kira da a kafa bikin silima na shekara-shekara, bayan kaka lokacin da hatsi ya shiga rumbu, wanda zai zagaya daga Tasawa zuwa Urafan, Korgom da Maijirgi, daga Mayahi zuwa Cake, Isawan da Sarkin Hausa. Amma muna da sharuɗɗa, domin mun sha ganin yadda ake mai da abin kirki wasan yara.

Sharaɗi na farko, harshe. Fim ɗin da ba a juya shi da Hausa ba, da Fulatanci ko Buzanci inda ake bukata, ɓata man injin ne kawai. Na biyu, kada biki ya zama wa'azin masu ba da agaji, inda baƙo zai zo ya koya wa talaka wanke hannu ya koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a tambayi mutanen gari abin da suke so a tattauna. Na uku, makirfo ya isa ga mata da samari da makiyayin da ke zaune a bayan gari. In mata ba za su iya magana gaban surukai ba, a ware musu nasu zaman da rana. Na huɗu, sarakuna da malamai da ma'aikatan hukuma su zauna har a tashi, su amsa tambaya, a rubuta alkawarin da suka yi, a karanta shi baɗi. Na biyar, kada a kama kowa, kada a kira kowa ofis, saboda abin da ya faɗa a dandali.

Za a ce mana zaman yau ba na wasa ba ne, ga rashin tsaro, ga tsadar abinci. Muna cewa don haka ne ma ake bukatar wannan dandali. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024, wuraren da talaka zai tsaya ya yi wa mai mulki tambaya sun ragu. Shugaban da ke tsoron farin ƙyalle da makirfo ba fim yake tsoro ba, jama'arsa yake tsoro. Wanda kuma yake da niyyar gyara, ba zai sami mashawarci mai arha kamar dandalin ƙauye ba.

Gani ya kori ji. A kawo majigi, a kashe injin in fim ya ƙare, sannan manya su saurara.