Tsohuwar Motar Tsere: Birki Kafin Salansa

Duk mai bin manyan titunan Kano, Kaduna ko Abuja da yammacin Asabar ya san cewa wata sha'awa ta kama matasanmu masu ɗan abin hannu, wato sha'awar ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da aka ƙera domin gudu, waɗanda muke kira motocin tsere. Sababbinsu sun fi ƙarfin aljihun kowa in ban da ƙalilan, musamman tun da darajar Naira ta faɗi a 2023. Saboda haka ido ya koma kan tsofaffi, waɗanda suka gama zamaninsu a Turai da Amurka, suka shigo mana, suka bi ta hannu uku ko huɗu kafin su iso ga mai su na yau. Ni ban ga laifin wannan sha'awa ba. Jikokin mahaya dawaki ne, kuma son abin hawa mai kyau da zafin nama gado ne a ƙasar nan. Abin da ke damuna shi ne tsarin da ake bi wajen kashe wa motar kuɗi bayan an saye ta.

Wani matashi mai bibiyar wannan fili ya aiko min da tambaya. Ya sayi BMW 330Ci ƙirar 2001, kuma ya riga ya tsara abin da zai yi mata: manyan ƙafafu masu walƙiya, salansa mai ƙara, a rage mata tsayi ta kwanta ƙasa, sannan a taɓa kwamfutarta domin a ƙara mata ƙarfi. Yana son in ba shi shawarar wanda zai fara da shi. Amsata ita ce kada ya fara da ko ɗaya daga cikinsu. Motar da ta haura shekara ashirin a duniya tana da bashin gyara a kanta, bashin da masu ita na baya suka yi ta tarawa, kuma wanda ya saye ta ya sayi bashin tare da ita. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya san doki, kofato da haƙora yake fara dubawa, ya gwada linzami, sannan ya je kasuwa neman sirdi mai ado.

Bari mu ɗauki motar wannan matashi misali, tunda ita da 'yar'uwarta Z3, wadda aka ƙera a Spartanburg ta Amurka daga 1995 zuwa 2002, suna cikin waɗanda ake yayi. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita uku, ƙarfin doki kusan 230. Inji ne mai aminci da kan daɗe, amma yana da rauni guda da masu irin wannan mota a ko'ina suka sani: hanyar ruwan sanyaya shi. Tankin ruwan na roba ne, gefunan lagireto na roba ne, gidan tamostat ma haka. Roba kuwa idan ta sha zafi da sanyi shekara da shekaru takan bushe, ta tsage ba tare da sallama ba. Shi kuma injin da alminiyam aka yi shi, ba ya jure tafasa. Tafasa ɗaya mai tsanani na iya lanƙwasa kan injin, har ta kwance haƙoran da ke riƙe ƙusoshinsa. Minti biyar na taurin kai a kan hanya bayan allurar zafi ta hau ja na iya jawo sayen wani inji ɗungurungum a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo. Don haka aikin farko shi ne a sauya tankin ruwa, da famfon ruwa, da tamostat, da robobin da ruwa ke bi, a duba lagireto, ko da kuwa ba a ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba a jiran sai abu ya fashe.

A nan ne zan yi wa kanikawanmu magana, cikin girmamawa, domin akwai gwanaye a cikinsu waɗanda kunnensu kaɗai kan gano abin da na'ura ta kasa. Amma akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a gareji da dama: da mota ta shigo, sai a ce tamostat na ƙasar sanyi ne, a cire shi a yar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a daidai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi. Idan aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur, mai mota ya yi ta biya a gidan mai, injin kuma yana cinye kansa a hankali. Ruwan rijiya kuwa yana barin gishiri da tsatsa a cikin hanyoyi, har su toshe. Ruwan lagireto na kwalba yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ya fi ruwan banza jure zafi kafin ya tafasa. Wanda ya sayi tsohuwar mota ya tambayi bakanike kai tsaye ko tamostat na nan, idan babu a mayar.

Bayan ruwa sai baƙin mai da tacensa, da man giya, da fulogogi, da fanbel. Duk abin da mai sayarwa ya faɗa game da ranar da aka yi juye na ƙarshe, a saurare shi da ladabi, sannan a je a sake. Wannan injin na BMW sarƙa ce ke daidaita bugunsa, amma motoci da yawa na wancan zamani bel ne na roba, wanda ake so a sauya bayan kimanin kilomita 100,000. A wasu injunan, idan bel ɗin ya tsinke mota na tafiya, fistin kan daki bawul, a wayi gari da aikin buɗe inji. Duk wanda bai ga shaidar ranar da aka sauya ba, ya ɗauka ba a taɓa sauyawa ba.

Duk wannan batun dukiya ne. Batun rai yana ga birki da taya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu. Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma wanda ya sha danshi na iya tafasa tun a wajen digiri 155. Idan ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Mai karatu ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga an zubar da man birkin wata mota a gareji an sa sabo, in ba ƙari aka yi ba saboda yoyo.

Taya kuwa tana ɗauke da ranar haihuwarta a jikinta. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layin rubutu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2314, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2014. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara da zarar ta kai shekara biyar, kuma a ajiye ta idan ta kai goma, komai kyan zanenta. Kwaltar ƙasarmu mai zafi ba ta ƙara wa roba kwana. Abin takaici ne a ga mota mai ƙarfin doki 230 a kan tayoyi 'yan gwanjo huɗu, kowace da nata kamfanin da nata shekarun, alhali kuɗin da aka zuba a fitilu masu launi ya isa sayen sababbi. Faɗin wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu da yawa ba, kuma a kansa ran direba da na masu tafiya a gefen titi yake.

Sai a ɗaga mota sama a leƙa ƙarƙashinta da tocila. A ƙasashen sanyi gishiri ake watsawa a titi domin narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan kan ci ƙarfen mota daga ƙasa, inda fenti mai sheƙi ba ya nunawa. Irin wannan BMW an san ta da tsagewar bodi a daidai wurin da ƙafafun baya ke ɗaure, Z3 ma tana da makamancin wannan ciwo a ƙasan but. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi alhali wurin nan a tsage yake, ya ƙara wa ɓaraka faɗi ne. A duba robobin ƙafa da shakazoba, domin su ne ke sa tsohuwar mota ta riƙa yawo a kan titi kamar kwalekwale. A duba ko abin tace hayaƙi da ake kira indomi yana nan, domin akan sace shi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Akwai kuma batun balan-balan ɗin kariya: motocin wannan zamani da dama, har da wannan samfurin, suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye a duniya saboda na kamfanin Takata da kan fashe da ɓarɓashin ƙarfe. Da lambar bodi mai haruffa da alƙaluma 17 ana iya bincikawa a intanet ko an sauya na motarka.

Idan an biya wannan bashi duka, sai a zo maganar gyare-gyaren sha'awa, kuma a nan ma akwai abin lura. Manyan ƙafafu da siririyar taya an yi su ne domin titi mai santsi, rami ɗaya a hanyoyinmu ya isa ya lanƙwasa su. Yanke sifirin domin mota ta kwanta yana ɓata lissafin da injiniyoyi suka yi wa ƙafafunta, ga kuma tudun rage gudu da ke kowane lungu yana jiran kaskon baƙin mai. Taɓa kwamfuta domin ƙarin ƙarfi yawanci yana buƙatar fetur mai daraja ta sama. A Turai direba na zaɓa tsakanin mai lamba 95 da mai lamba 98, mu kuwa abin da famfo ya ba mu shi muke sha, kuma injin da aka matsa wa fiye da ƙarfin mansa yakan yi ƙwanƙwasa har ya ƙona fistin. Ƙaramin sitiyarin 'yan tsere kuma yana nufin an cire balan-balan ɗin da ke gaban ƙirjin direba. Salansa mai ƙara kuwa ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne, abin da take ragewa shi ne barcin jarirai da marasa lafiya na unguwa.

Gyaran da nake goyon baya shi ne wanda ke sa mota ta ƙara jin magana: tayoyi masu kyau iri ɗaya, fatun birki masu inganci, sababbin robobin ƙafa da shakazoba, lagireto na alminiyam zalla a madadin mai roba. A yi su ɗaya bayan ɗaya, a tuƙa mota mako biyu tsakanin kowanne, domin idan wata matsala ta ɓullo a san daga inda ta fito. A adana duk kayan asali da aka cire, a kuma buɗe littafi ana rubuta kowane aiki da ranarsa da kilomitarsa, domin ranar sayarwa littafin nan ya fi rantsuwa tasiri. Ga mai ganin daɗin mota yana ga yawan ƙarfi kawai, ya dubi Mazda MX-5 da aka fito da ita a 1989. Injinta lita 1.6 ne, ƙarfin doki bai wuce 116 ba, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, amma zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya, saboda rashin nauyi da daidaiton ƙafafu sun sa tana bin hannun direba yadda yake so. Shawarata ga mai shirin saye ita ce ya ware kimanin kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa domin gyaran watanni shida na farko. Idan kuɗin bai kai ba, to motar ba ta kai lokacin saye ba tukuna.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi duk na baya nauyi. Motar da aka gyara da kyau tana kiran mai ita ya gwada ta, kuma wurin gwajin da matasanmu suka zaɓa shi ne titin jama'a da taron biki, inda ake jujjuya mota a tsakiyar yara 'yan kallo. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, 100 a babbar hanya ga ƙananan motoci, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya tsayawa a kowace mahaɗa ba. Yaron da ke tsallaka titi da farantin talla bai sa hannu a wasan kowa ba. Magabata da suka ga matasa na son sukuwa, fili suka ware mata, har yau ana kiran wurin Filin Sukuwa a Kano. Ina ganin lokaci ya yi da gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni za su yi wa masu motoci irin wannan tanadi: fili mai shinge, da motar asibiti a gefe, da sharaɗin cewa ba mai shiga sai an duba birkinsa da tayoyinsa. Kafin a samu haka, mai irin wannan mota ya sani cewa gwanintar direba a cikin gari ita ce ya isa gida lafiya, kuma kowa da ya haɗu da shi a hanya ya isa nasa.

Sai mako mai zuwa, idan rai ya kai mu.