Kotso ba "drum" ba ne kawai

1/
Zare kan sunayen kayan kiɗa da Turanci. Samarin situdiyo na Gusau ku matso, da ku nake. Ra'ayina: ku koyi kalmomin Turancin nan sosai, amma kada ku bari su cinye sunayen namu.

2/
Koyon ya zama dole fa. FL Studio ba ya jin Hausa. In ba ka san "tempo" saurin tafiyar kiɗa ba ne, "pitch" tsayi ko kaurin murya, "bass" muryar ƙasa mai kauri, to kullum kana hannun mai haɗa maka kiɗa. Ya ce maka "key" ɗinka ya kauce, ka gyaɗa kai, ka biya kuɗin wata awa.

3/
Matsalar tana farawa ne in aka juyo gida. Ka tambayi yaro me ake ce wa kalangu da Turanci: "drum". Kotso fa? "Drum". Taushi, jauje, tambari, kurya? Duk "drum". Kai jama'a!

4/
Kalangu baki biyu gare shi, ana matsa tsirkiyoyinsa a hammata murya ta canza, ana bugawa da makaɗi. Kotso baki ɗaya ne, da hannu ake kaɗa shi, kuma kiɗan fada ne. Taushi kamar akushi yake, an rufe bakinsa da fata. Tambari na sarauta ne, ba kowa ake buga wa ba. Wanda ya ji sunan ya riga ya san wa ake wa kiɗan da kuma a ina.

5/
A Zamfara wannan ba zancen littafi ba ne. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya a ƙasar Bunguɗu, sarautarsa ma da sunan kayan kiɗansa take: Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Fassara min ita da "drum" in gani. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, da kotso ya yi suna, haka Sa'idu Faru. Kassu Zurmi kuwa kalangu ne. In duk "drummers" ne, ina bambancin makaɗin fada da makaɗin maza?

6/
Algaita ba "flute" ba ce, don Allah a daina. Sarewa ce "flute". Algaita tana da ɗan beli da ake hurawa ya yi rawa a baki, danginta a Turai shi ne "oboe". Goge kuma in ka ce "violin" ka ƙara masa tsirkiya uku da ba shi da su.

7/
Inda abin ya fi ci min rai shi ne "chorus" da "backup". 'Yan amshin Ɗanƙwairo ba maimaita magana kawai suke ba. Jagora zai ɗauko ɗan waƙa, su karɓe, su yi ƙari, wani lokaci su ne ke kai zancen ƙarshe kafin a koma gindin waƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe da fayyace waɗannan a Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Kalmomin muna da su, a rubuce ma. Tun 1971 Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka fitar da littafi guda kan kalmomin kiɗan Hausa, kuma da sunayensu na Hausa suka jera su.

8/
Wani zai ce ai fahimta ake nema, Bature bai san kotso ba. To da ma an haife shi ya san "sitar" ne? Ko "kora" da "djembe" na mutanen Mali da Gini? Masu abin ne suka ƙi canza suna har kunnen duniya ya saba.

9/
Duba fiyanon da ke situdiyonku. Tsarin General MIDI na 1991 yana da sauti 128. Akwai Sitar da Shanai na Indiya, Koto da Taiko na Japan, Kalimba, har da Agogo, ƙararrawar Yarabawa da ta bi ta Brazil (ba agogon hannu ba, lol). Kalangu babu. Mai neman algaita sai dai ya lallaɓa da Shanai.

10/
Ga inda asarar take. Ka je Tsafe ranar sallah ka ɗauki makaɗan fada, ka ɗora a YouTube ko TikTok da taken "African talking drum". Mai bincike zai haɗa shi da gangan da dundun na Yarabawa, domin su wannan suna ya fi kamawa a intanet. Wani furodusa a Landan ya yanki sautin ya sa a waƙarsa, ba sunan kotso, ba Tsafe, ba makaɗin.

11/
Rubuta "kotso" tukuna, da sunan mai kiɗan da garinsa. Bayanin Turanci ya biyo baya: "single-headed hourglass drum". Layi ɗaya ne, bai kai kuɗin data ba.

12/
'Yan Bunguɗu da Tsafe, akwai mai kaɗa taushi a garinku yanzu? Ku ajiye bidiyo a ƙasa, da sunan kayan kiɗan kamar yadda shi makaɗin yake faɗa.