Abin da tokar Anu Araren ke ɗauke da shi

Duk falken da ya daɗe a kasuwar Dole ba ya buƙatar a gaya masa cewa wannan gishirin Bilma ne, wancan kuwa mangul ne na ƙasar Manga. Da ya ɗanɗana ya gane. To, masana ilimin duwatsu ma suna da nasu ɗanɗano, sai dai da na'ura suke yin sa.

Akwai wasu ma'adinai 17 da Turawa ke kira masu wuyar samu, ko da yake wuyarsu ta tacewa ce, don kusan kowane dutse na ɗauke da ɗan kaɗan. Halinsu shi ne riƙon asali. Dutse ya farfashe, ruwa ya kwashe shi ya zama laka, lakar ta kwanta shekaru miliyoyi, amma rabon da ke tsakaninsu bai cika sauyawa ba. Idan an iske yurofiyum ya yi ƙaranci cikin laka, alama ce ta fito daga dutse irin manyan duwatsun nan da unguwar Birni ke zaune a tsakaninsu. Idan seriyum ne ya ragu, galibi ruwan teku mai wadatar iska ne ya taɓa rufe wurin.

Mu nan Damagaram ba mu da gawayin ƙasa, dutsen da ya daɗe yana wahalar da mu wajen ruwan sha bai ba mu shi ba. Gawayin yana Anu Araren, arewa da Agadas, inda aka kafa kamfanin SONICHAR a 1975, tashar wutarsa ta soma aiki a 1981 don ba mahaƙar yuraniyom ta Arlit lantarki. Shimfiɗun dutsen da ke riƙe da shi sun haura shekara miliyan 300, tun zamanin da wurin yake fadama mai duhun itatuwa. Awon ma'adinan nan cikin yumɓun da ke sama da gawayin da wanda ke ƙasansa shi ke nuna ko lakar daga duwatsun Abzin ta gangaro, da lokacin da teku ya shigo ya binne fadamar. Mai neman sabuwar jijiyar gawayi, wannan sani na rage masa haƙa a banza, haƙa kuwa kuɗi ne.

Ga inda zancen ya shafi aljihu. Da waɗannan ma'adinai ake yin maganaɗisun wayar salula da motar lantarki, ƙasar Sin ce kuma ke tace mafi yawansu. Da ta taƙaita sayar da su a 2010, kasuwa ta girgiza. Daga 2014 Amurka ta shiga gwajin tatso su daga tokar gawayi, domin wuta na cinye gawayin ta bar su cikin toka.

Gawayin Anu Araren mai yawan toka ne, an kuma shekara fiye da 40 ana ƙona shi. Ba kowace toka ce ke biyan kuɗin tacewa ba. Amma kafin wani ma'aikaci ya sa hannu a kwashe ta da sunan shara, ya dace a ɗebo, a ba masanan jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai su auna.