Jarumin Da Ya Tare Bindigar 'Yan'uwansa

Jaruntaka iri biyu ce. Akwai ta mai fuskantar abokan gaba, akwai kuma ta mai tsawata wa nasa sa'ad da suka ƙetare haddi. Ta biyun ta fi wuya.

Ran 16 ga Maris 1968, cikin yaƙin Biyetnam, sojan Amurka suka auka wa ƙauyen My Lai, suka karkashe mata da yara da tsofaffi, mutum 504 bisa ƙidayar mutanen ƙasar. Hugh Thompson, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya hango gawawwaki daga sama. Sai ya sauka tsakanin sojan ƙasarsa da waɗansu talakawa da suka ɓuya cikin rami, ya umurci maharbansa su harbi duk wanda ya taɓa su. Ya sa aka kwashe su, sa'an nan ya kai ƙara wurin manyansa.

Sakayyar da ya tarar a gida ita ce zagi da wasiƙun barazana. Sai a 1998, bayan shekara 30, hukuma ta ba shi lambar girma bisa gaskiyar abin da ya aikata. Ya rasu a 2006.

Wannan jinkiri abin kunya ne. In runduna tana hanzarin yabon mai kisa, tana nawar yabon mai hana zalunci, to, ƙananan sojanta za su gane wanda ya fi riba. Ya kamata a riƙa karanta wa kowane kurtu labarin Thompson tun kafin a miƙa masa bindiga.