Gawon Bangi da Dutsen Wang Wei

Akwai wata magana da ke yawo a bakin ɗaliban adabi duk sa'ad da aka taɓo waƙoƙin Sin na zamanin daular Tang (618–907): wai mawaƙan can suna kallon dutse da wata da kogi don kansu, mawaƙin Hausa kuwa ba ya ganin giwa sai ya tuna sarki. Rabin maganar gaskiya ne. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru sun mai da zaki da kada da hadari kayan kirari. Ɗaya rabin, mai ɗora laifin a kan idon Bahaushe, kuskure ne, kuma mai nazarin harshe ya fi kowa cancantar gyara shi.

Nahawu ne ya bai wa Wang Wei da Li Bai damar barin dutse ya tsaya shi kaɗai. Sinancin dauri ba ya tilasta wa aikatau lokaci, kuma yakan ɓoye wakilin suna. Layi mai gaɓa biyar ko bakwai na iya jera hoto bayan hoto, ba a san mai kallo ba, ba a san yaushe ba. Hausa ba ta sakin aikatau haka. Kafin a ce abu ya faru, sai an zaɓi "ya" ko "ta", "yana" ko "tana", jinsi da lokaci a dunƙule. Wata namiji ne, rana mace. Tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, harshen ya riga ya sa musu rigar mutane.

Duk da haka Hausa na da nata ƙofofin: jimla marar aikatau mai jingina da "ga" ko "sai" ko "babu", da kuma amsa-kama. Wanda ya ce "dawa tsit, sai ƙurar hunturu" ya zana fili ba tare da ya sa kowa a ciki ba.

Matsalar tana wurin da ake nema. An daɗe ana juya waƙoƙin fada ɗaya-ɗaya a kundayen digiri, alhali waƙar da ba ta jiran kyautar ubangida tana gona, tana bakin dutsen niƙa, tana wurin roƙon ruwa. Manomin Bangi, a kwarin Tarka, ya san gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Da Wang Wei ya gan shi, da bai wuce ba. Ya san bambancin fako da jigawa da fadama da tafin ƙafarsa. Tsofaffin yankin sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga layukan dogon yaro da aka dasa a kwarin Majiya wajen Buza, da aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a Keita a 1984. Ƙasar ta sake kama a gaban idonsu, kamar yadda ta sake wa Du Fu bayan tawayen An Lushan na 755.

Injin niƙa ya riga ya kori dutsen a garuruwa da yawa, kuma waƙar tana bin dutsen. Ɗalibin da ya tafi Bangi da rikoda a hutun bana, ya rubuta abin da ya ji da karin harshen masu shi, ba tare da ya gyara musu "hw" ta koma "f" ba, zai dawo da abin da za a iya ajiyewa kusa da waƙoƙin Tang a auna.