Bayan cire haƙori: Wa ke kula da majinyacin Kudancin Kano idan ya koma gida?

Matashin da ya taso daga Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa don a cire masa turmin ƙarshe, wato haƙorin nan na can ƙuryar baki, yakan kwashe sa'o'i a mota. Zai ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Kwanar Dangora kafin ya isa birnin Kano. Idan aiki ya yi kyau, a ranar zai juyo gida da auduga a baki da ƙullin magani a aljihu.

Daga nan kuma sai shi da Allahnsa. Idan ciwo ya tashi a rana ta uku, likitan da ya yi aikin yana can nesa, kuɗin mota sun ƙare, mai kemis na unguwa ne kawai a kusa. Wannan giɓi shi ne babban abin da ya kamata hukumomin lafiya na jihar Kano su duba, domin aikin cire haƙori ba ya ƙarewa sai ramin ya warke.

Turmin ƙarshe yakan fito ne tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa ba ya samun wuri, sai ya fito a karkace ko ya maƙale cikin ƙashin muƙamuƙi. Cire irinsa ƙaramar tiyata ce: akan tsaga dasashi, wani lokaci a raba haƙorin gida biyu, sannan a yi ɗinki. Saiwar na ƙasa tana kusa da jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa, shi ya sa ƙwararren likita ke neman hoton ƙashi kafin ya taɓa shi.

Yawancin abin da ke tsorata majinyaci ba haɗari ba ne. Kumburin kunci yakan ƙaru har rana ta biyu ko ta uku kafin ya fara saɓewa. Yawu mai ɗan jini a ranar farko da nauyin buɗe baki na 'yan kwanaki duk suna cikin warkewa. Abin da ake so shi ne gudan jinin da ya toshe ramin ya zauna daram. Don haka ba a kurkure baki da ƙarfi a awa 24 na farko, ba a shan kunu ko shayi mai zafi sosai, ba a shan sigari ko shisha, a kuma haƙura da goro, rake da gasasshiyar masara. Daga washegari sai a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Idan gudan jinin ya fita, ƙashi yakan zauna a buɗe. Alamarsa ciwo mai tsanani da ke tasowa bayan kwana 3 zuwa 5, yana harbawa har kunne, ga warin baki. Maganinsa a wanke ramin a sa masa magani a asibiti. Cusa kanwa, toka ko garin ƙwaya a wurin ƙona dasashi kawai yake yi.

Akwai kuma alamomin da ba sa jiran wayewar gari: jinin da ya ƙi tsayawa duk da an danne da auduga, zazzaɓi, ruwan mugunya, kumburin da ke gangarowa ƙarƙashin haɓa da wuya, ko wahalar haɗiya da numfashi. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro, ya yi kisa.

Tambayar ita ce, mutum nawa ne a Bebeji ko Kiru ake zaunar da su a yi musu wannan bayani da Hausa kafin su tashi daga kujerar likita?

Ƙwararrun likitocin haƙori da na tiyatar muƙamuƙi sun fi taruwa a birni, a wurare irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, duk da cewa jihar tana da ƙananan hukumomi 44. Nisa da tsada su ke tura talaka wajen mai cire haƙori a kasuwa ko bayan shago. A can babu hoto, babu mai tambayar ko mutum yana da ciwon suga, hawan jini ko sikila. Kayan aikin da ba a kashe ƙwayoyin cuta a jikinsu ba kuwa suna iya yaɗa ciwon hanta nau'in B da cuta mai karya garkuwar jiki. Araha ba ta ado.

Wasu za su ce inda ake fama da maleriya da mutuwar mata wajen haihuwa, batun haƙori zai iya jira. Gaskiya ne kuɗi ba sa isa. Amma gyaran da ake magana a kai ba ya buƙatar sabon gini.

Duk asibitin da ya cire haƙori ya ba majinyaci takardar bayani da Hausa da lambar wayar da za a ɗaga, ga wanda ba ya karatu kuma a tura masa saƙon murya. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji a koya musu duba rami, cire zare da gane wanda ya kamata a tura birni nan take. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori, ita ma za ta iya taimakawa da horon. Hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano ta riƙa leƙa kasuwannin ƙauye kamar yadda take zagaya birni. 'Yan majalisar mazaɓun Kiru da Bebeji da na Doguwa da Tudun Wada su sa kujerar haƙori da na'urar hoto cikin ayyukan mazaɓa.

Shi ma majinyaci yana da haƙƙin yin tambaya kafin ya buɗe baki: ko mai aikin yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, da me aka tsabtace kayan, kuma wa za a kira idan ciwo ya tashi cikin dare. Duk wanda ya kasa amsa waɗannan, bai cancanci a miƙa masa muƙamuƙi ba.