GWAMNATI 'YAR BA-RUWANMU CE, KO DOGARIYAR MASU KAMFANI?

Duk sa'ad da rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyin leburorin haƙar ma'adinai da masu kamfani, abin da mahukunta ke fara faɗa shi ne wai su ba su goyon bayan kowa, aikinsu kiyaye doka da oda ne kawai. 'Yan'uwa, mu auna wannan magana da abin da ya auku.

A shekarar 2012 leburorin kamfanin Lonmin da ke Marikana a Afirka ta Kudu suka shiga yajin aiki, suna neman a mai da albashinsu Rand 12,500 a wata. Ba mu ɓoye cewa a kwanakin farko an kashe mutum 10 ba, har da 'yan sanda 2. To amma ran 16 ga Agusta, maimakon a zaunar da ɓangarorin biyu, sai 'yan sanda suka buɗe wuta, suka kashe leburori 34. Ba a tsaya nan ba, aka kama 270 cikin waɗanda suka tsira, aka tuhume su da kisan abokan aikinsu, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye tuhumar. Shekara 10 ta cika babu ɗan sanda ko ɗaya da aka hukunta kan kisan wannan rana.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. Ran 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka bindige leburori 21 a mahaƙar kwal ta Iva da ke Inugu. A can ma abin ya fi muni, domin gwamnatin ce mai mahaƙar, ita ce mai bindigar, ita ce kuma ta naɗa kwamitin bincike. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Lebura ba shi da makamin da ya wuce ajiye aiki. Mai kamfani kuwa yana da kuɗi da lauyoyi, yana iya jira har yunwa ta karya lagon lebura. Gwamnatin da ta naɗe hannu kan albashi, amma ta aiko da 'yan sanda don gadin dukiya, ai ta riga ta zaɓi ɓangare.

Musulunci bai san irin wannan ba-ruwanmu ba. Abin da ya ɗora wa shugaba shi ne adalci: ya yi sulhu tsakanin masu jayayya, in wani ya ƙetare iyaka a taka masa birki. Halifa Abubakar (RA) tun a huɗubarsa ta farko ya yi alkawarin karɓo wa mai rauni haƙƙinsa daga hannun mai ƙarfi.

Saboda haka, matasa, in kun ji an kira masu yajin aiki 'yan tada zaune tsaye, ku fara tambaya: nawa ake biyansu, kuma wa bindigar take gadi? Wanda aka zalunta ba a tambayar ƙabilarsa ko addininsa kafin a tsaya masa. Allah Ya taimaki raunana a duk inda suke.